Wanda Ya Tafi Lakwal da Sunana

Shekara huɗu na yi ina wanke kwalabe a Paris, a ɗakin binciken mutumin da aka kai lakwal, wato makarantar boko, a madadina.

Zamanin Nasara ne. Gardi ya zo ƙauyenmu a ƙasar Damagaram da takardar yaran da za a ɗauka, sunana na ciki. Babana ya sa ni a rumbu ya rufe, ya kamo ɗan baransa ya miƙa, ya ce ga shi nan. Haka masu hali ke yi a lokacin, don kada ɗa ya lalace a hannun Nasara. Yaron ya tafi da sunana da sunan ubana. Ni na fito da ƙaiƙayi a jiki, ana yi mini barka.

Ya yi karatu a Yamai, ya yi Dakar, ya zo Faransa. Ni na yi noma har fari ya kore ni, na yi dako a Abidjan, na bi jirgin ruwa na sauka ban koma ba. A farkon shekarun tamanin ina Sevran a gefen Paris, mu shida a ɗaki, ba aiki. Shi ya neme ni. Ban neme shi ba, ina so a san wannan.

Matar da ke rubuta ma'aikata ta duba takarduna, ta dubi fuskarsa. Suna ɗaya, uba ɗaya, gari ɗaya. Ya ce mata haka muke a ƙasarmu. Ta rubuta.

Aikina wanki da dahuwa. In wanke kwalba, in ɗauraye ta sau uku, in sa a tukunyar tururi. In dafa wa ƙwayoyinsa abinci, wani romo mai daskarewa, in zuba a 'yan faranta masu murfi. Da tsinken sakace yake ɗibar ƙwayoyin, ni in tattara tsinkayen in sake dafa su. Iri biyu yake kiwo: bakteriya, da yisti irin na burodi. Ɗakin yisti yana warin gidan giya, rigata ma haka, har nakan ji kunyar shiga sahun salla.

Wata rana ya ɗaga faranti ya nuna mini ɗigo-ɗigo, wasu shuɗaye wasu farare.

"Ɗan maigida, ka ga wannan? Ƙwayar tana da kayan aikin cin sukarin madara, amma a kulle suke. Sai madara ta zo take buɗewa. Ni abin da ke kullewa da buɗewa nake nema."

"A gida an ce kai likita ne."

"Na sani."

"Ko ciwon kai ba ka iya warkarwa."

Ya yi dariya har ya ajiye farantin. Ni ban yi ba. Abin da ya faɗa na gane shi tun kafin ya rufe baki, kuma shi ne ya fi ƙona ni. Ashe kaina zai iya ɗauka.

A gaban Turawa Dokta nake ce masa. In mu biyu ne sai ya ce ɗan maigida, kamar da. Na fi son ya zage ni.

Ni ke kawo wasiƙu daga ƙasa. Ban iya karatu ba, amma na san kamannin sunana. Ina ganin sa a ambulan daga Amurka, daga Japan, mutane na roƙon a aika musu irin yistinsa. In hau bene da su a hannu, in ajiye a teburinsa, in koma bakin famfo.

A shekara ta huɗu wani Alhaji ɗan kasuwa ya kawo kaset daga gida. Muka saurara a gidan Dokta ranar Lahadi bayan azahar. Muryar babana ce, ta tsufa. Ya gaida Dokta, ya gaida matarsa, ya gaida 'ya'yansa ɗaya-ɗaya. Ya ce kwamanda da kansa ya zo ƙauye ya ba shi hannu saboda ɗansa likita. Ya sa albarka mai tsawo. Kaset na shirin ƙarewa ya ce, "Ɗan'uwan nan naka kuma, ka riƙe shi. Ka san bai da kowa sai kai."

Dokta ya kashe rediyon. Matarsa ta tashi ta shiga kicin.

"Tsufa ne," in ji shi.

"Kawo shinkafar," na ce.

Ba a yi wata uku ba aka ba shi babban wuri a Lyon, ɗakin bincike nasa na kansa. Kayan duka suka bi mota, ban da irin. Irin yisti da na bakteriya, aikin shekara goma, yana cikin 'yan kwalabe kamar ɗan yatsa, a daskare. In suka narke an gama. Ya ce ba ya yarda da kowa sai ni. Ya riga ni tafiya don ya shirya firij, ya bar mini akwatin farin soso cike da ƙanƙara mai hayaƙi, ya ce kada in buɗe.

Na shiga jirgin ƙasa na safe, akwatin a kan cinyata. Muna fita gari na buɗe. Kowace kwalba da haruffa biyu na farkon sunan nan, da lamba. Hayaƙin sanyi na zuba a wandona. Akwai bututun ɗumi a ƙasan taga. Na san in na jingina akwatin a buɗe can, kafin Lyon an wuce wurin, kuma ba wanda zai ce ni ne. Na daɗe ina dubawa. Wata tsohuwa a gabana ta tambaya ko kifi ne. Na ce eh, na rufe. Ba tausayinsa na ji ba. Ni na wanke kwalaben, ni na dafa abin da suka ci, hannuna ya ƙi.

Yana jira a tasha. Ya karɓi akwatin kamar jariri, ya ce an ɗinka mini farar riga, gobe in fara.

"Ba zan zo ba."

"Saboda kaset?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Ɗan maigida, kana tsammani kyauta na samu? Shekara shida mushe, malamin lakwal, na dukana da sunanka. Uwata ta rasu ina Dakar, sunan da take kirana da shi babu shi a takarda ko ɗaya."

"Na ji. Je ka, ƙanƙararka na narkewa."

Gaskiya ya faɗa, amma ba ta rage mini komai ba. Ya tsaya kaɗan, ya dubi akwatin, ya tafi.

Cikin satin na sami aiki a wata masana'anta a Saint-Fons, gefen Lyon, wankin manyan tankuna. Na yi har ƙirjina ya gaza. Baba ya rasu, mu biyu muka aika sadaka, kowa tasa daban. Dokta ya zama farfesa. In mun haɗu a jana'iza mukan gaisa, gaisuwa cikakkiya.

Yanzu ina unguwar La Guillotière a Lyon, ɗaki ɗaya a saman shagon wani ɗan Maraɗi. Da safe ina taya shi jera kaya, da yamma ina zama a ƙofa.