Rariyar Inna

Shekarar da aka kai ni gidan miji a Filinge, ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba. Gidanmu yana gindin tudu, kuma mai mulkinsa ita ce uwar mijina, wadda nake kira Inna. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, amma in ta kafe a kan magana, gara ka je ka ja jaki.

Kowace bazara, kafin hadari ya fara haɗuwa, sai ta tashe mu aikin ruwa. Mu kwaso duwatsu a ka, mu jera su layi-layi a gangaren bayan gida don su karya wa ruwa gudu. Mu buɗe rariyar da ke gindin katanga, mu yashe kwatar da ta bi lungu har kududdufin unguwa. Ciyawar gamba da ta dasa a bakin kwatar kuwa, ko akuyar liman ta taɓa ta sai an ji kansu. Na sha ƙunƙuni, wuyana kamar ya tsinke. Ita dai abin da take cewa ke nan: "Ɗiyata, ruwa baƙo na. In ba ki nuna mishi hanya ba, ɗakinki za shi kwana."

Sai fari ya zo. Damina ta wuce ba a cika rumbu ba, wata ta biyo ta fi ta muni. Shanu suka ƙare, maza suka watse neman abinci, har da mijina. Muka koma cin dussa da anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci. Amma a rumbun Inna akwai dammunan hatsi da ta ware na iri, ta liƙe bakin da laka. Wallahi na taɓa tsayawa gaban rumbun nan da goyo yana kuka, ina jin kamar in fasa. Ta ce in muka ci iri, mun ci baɗi.

Kuma duk da yunwar nan ba ta fasa aikin ruwa ba! Mata suna wucewa suna dariya: "Inna, kogin Kwara za ki jawo muna?" Ta ce su dai wuce. A cikin shekarun ne maƙwabcinmu, wani ɗan kasuwa, ya ja katangar siminti ta tare lungun, kwatar ta mutu a gindinta. Ba mugu ba ne, mantawa ya yi kamar kowa. Inna ta je ta same shi, ya ce cikin ladabi, "Inna, bari ruwan shi zo tukuna." Da ta dawo, sai na ga tana zagaya tsakar gida tana kallon ƙasa.

Ran da ruwan ya zo, da la'asar ne. Yara suka fita tsirara suna ihu, ni ma na tara tukwane ina hawaye don murna. Amma tudun ya zama ƙeƙasasshiyar ƙasa, babu ko ciyawa ɗaya da za ta riƙe ruwa. Duwatsunmu suka rage masa ƙarfi, saura ya gangaro ja wur. Ya bi rariya ya fita, ya ci karo da siminti, ya juyo mana. Kafin ka ce kwabo tsakar gida ta cika har ƙwauri, ruwan yana lasar duwatsun da rumbu ke zaune a kai. Rumbun laka ne. In gindinsa ya jiƙa, shi ke nan, irin ya tafi.

Inna ta miƙo mini gatari. Ta nuna ɗakinta, wanda yake can gefen da ƙasa ta fi kwari, bayansa fili ne har kududdufi.

"Sare bangon baya."

Na ce, "Inna, ɗakinki fa!"

"Ni na gina shi, na san shi. Sara, ke!"

Na sara, ita tana yaƙuta da 'yar fartanya. Da ramin ya buɗe, ruwan tsakar gida ya kwararo ta ƙofa, ya ɗauki tabarmarta da ƙorenta ya fice da su. Da ƙyar na jawo ta waje. Muna tsaye cikin ruwan sama muka ga bangon ya zauna, rufin ya bi shi. A ɗakin nan ta haifi 'ya'yanta duka, a nan mijinta ya cika.

Na fashe da kuka. Ita ko kallon ɗakin ba ta yi ba. Ta je ta durƙusa ta shafa gindin rumbu, ta duba tafin hannunta, ta ga lakar ba ta narke ba, ta ce, "To mi kike ma kuka? Nemo sungumi, gobe shibka."

Irin nan har maƙwabta sun samu, da ɗan kasuwar, wanda ya zo da kansa ya huda katangarsa yana sunkuyar da kai. Da mijina ya dawo ya ce zai tayar mata da ɗakin, ta hana. Ta ce wurin ya samu mai shi, hanyar ruwa ce yanzu. Ta dasa gamba a gefensa, ta kwaso 'yan komatsanta ta tare a ɗakina, ta hana ni barci da minshari har ƙarshen ranta. Ban taɓa ganin mace irinta ba, kuma har yau ina kewar minsharin.