Barira a Kurkukun Bayi

Duk wanda ya saba cin kasuwar Karaye ya san Barira mai man gyaɗa. Mutuniyar Yammedi ce, gajeriya, ƙaƙƙarfa, marar yawan magana. Tun da mijinta ya rasu, da turmi da kaskon suya ta raini 'ya'yanta, har ta kai ga sayen injin matsa. Ba ta taɓa wuce Kano ba, sai shekarar da ƙungiyar mata masu sarrafa gyaɗa ta tura ta baje koli a ƙasar Gana, ita da shugabarsu, Hajiya Turai ta Rogo, dattijuwa mai fama da ciwon asma.

Da aka tashi baje kolin, masu masaukinsu suka ce sai sun ga tsohon gidan da Turawa suka riƙa tsare bayi a bakin teku. Ginin dutse ne fari fat, igogi sun yi tsatsa a kan katanga suna fuskantar ruwa. Zafin garin kuwa ba irin na gida ba ne, jiƙa mutum yake yi sharkaf. Jakunkunansu suka bari a mota.

Mai zagayawa da baƙi, wani magidanci ɗan zango, unguwar Hausawan can, mai suna Suhaibu, yana jin Hausa. Ya kai su wani ɗan ɗaki marar taga, sai 'yar kafa can saman ƙofa.

"Nan ake jefa wanda ya yi gardama," in ji shi. "Ku shiga, Hajiya, in rufe ku ji yadda suka ji. Yanzu zan buɗe."

Suka shiga su biyu. Ƙofa ta rufu, duhu ya haɗiye su, ga warin gumi da gishiri. Barira ta ji Suhaibu yana jan sakata. Ya ja, ya sake ja. Shiru.

"Malam Suhaibu, lafiya?"

"Ta cije ne, ku yi haƙuri."

Sai ta ji numfashin Hajiya ya canza, yana fita da ƙyar kamar ana busa ƙaramin usur. Hannu ya damƙi mayafinta. "Barira... maganina... mota."

Barira ta riƙo ta. Ta zaunar da Hajiya, ta jingina ta da bango, ta kwance mata ɗankwali. Sannan ta doki ƙofar da tafin hannu.

"Bar sakatar nan! Ruga mota, koriyar jaka, akwai abin shaƙa a ciki. Ka jefo ta kafar sama!"

Ta ji gudunsa yana nisa. Ta ɗora kan Hajiya a ƙirjinta tana mata fifita da mayafi, tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. A ranta tana cewa, da wane baki za ta gaya wa mutanen Rogo?

Can sai ga muryar Suhaibu: "Ga shi nan!" Abin ya faɗo, ya yi tsalle, ya ɓace a duhu. Barira ta durƙusa tana lalube a kan dutse mai danshi. Hajiya ta daina ko nishi. Ta shafa kusurwa, babu. Ta shafa gindin ƙofa, babu. Ashe a ƙarƙashin zanin Hajiya ya tsaya. Ta ɗauko ta kai mata baki ta danna, ta sake dannawa.

Hajiya ta ja wani dogon numfashi, ta fashe da tari. Barira ta fashe da kuka.

Da ƙarfe aka ɓalle sakatar. Suhaibu ya durƙusa yana ba da haƙuri, Barira ba ta ko dube shi ba, teku ta zuba wa ido tana shaƙar iska. Hajiya ta kwana a asibiti, suka kamo hanyar gida.

Har yau Barira na matsar mai a Yammedi. Amma mako bai zagayo da dawowarta ba sai da ta kira magini, ya fasa mata babbar taga a ɗakin injin.