Muhawarar Hanyar Kuje: Ga Dakta Manniru Yamusa

Ranar Lahadi, 9 ga Fabrairu, 2025, daidai da 10 ga Sha'aban 1446, bayan sallar La'asar, Allah Ya karɓi ran Dakta Manniru Yamusa a wani asibiti mai zaman kansa a Abuja, sakamakon bugun zuciya. Na Allah ne mu, kuma ba mu da wata makoma sai gare Shi. An yi jana'izarsa a Kuje washegari da hantsi. Tun daga lokacin zama ya gagare ni. In na buɗe littafi sai in rufe, in na fita sai in rasa abin da ya fito da ni, domin wanda muka binne shi ne abokin hamayyata mafi girma, kuma ya tafi ya bar ni da ragowar magana a baki.

Dakta, bari in fuskance ka kai tsaye, kamar yadda ka saba ƙyale ni.

Na zo kamfaninku na inshorar lafiya a matsayin ɗan bautar ƙasa, ɗauke da digirin tattalin arziki da tabbacin cewa na fahimci duniya. Kai likita ne, kana shugabantar sashen da ke ba asibitoci lambar amincewa, wato izinin da ake jira kafin a yi wa mai inshora babban aiki. A makona na farko, a gaban ma'aikatanka, na bayyana maka cewa sashenka shinge ne da jari-hujja ta girka tsakanin majiyyaci da magani. Na ɗauka korata za ka yi. Sai ka cire tabarau, ka dube ni, ka ce, "Farfesa, a ina kake kwana?" Na ce Kuje. Ka ce, "To, daga gobe ka jira ni a tasha. Wannan magana ta fi ƙarfin ofis, sai cunkoson motoci na hanyar Lugbe."

A cikin motarka aka kafa majalisar. Matsayata ba ta taɓa sauyawa ba: kwaɗayin riba shi ne ummul'aba'isin tsadar lafiya. Asibiti na ƙara gwaje-gwajen da ba a buƙata, kamfanin inshora na jinkirta izini domin abin da ya tara ya daɗe a hannunsa, mai shigo da magani na fakewa da dala ko da ta sauka. Kai kuma sai ka nuna mini hayaƙin janareta a bayan wani asibiti, ka ce, "Ga ribarka can tana tashi sama." Hujjarka ita ce dizal, da dala, da allurar da ba ma ƙerawa a gida, da likitocin da ke tattara kayansu suna barin ƙasa. Ka ce riba ce ta sayo injin wankin ƙoda, in cire ta in gani wa zai kawo wani. Na ce wannan tauye tunani ne. Ka ce, "Ci ƙosanka, Farfesa, juyin juya hali ba ya yiwuwa da yunwa." Ba ka taɓa barina na biya mai ƙosan da muke tsayawa wurinta a hanya ba.

Ina tuna safiyar da aka kira ka muna kan hanya. Wata mai sayar da doya ce daga Jiwa, naƙuda ta tsananta, sai an yi mata aiki, amma sunan da ke katinta ya saɓa da wanda ke na'urarku. Ka gangara gefen titi, ka ce wa asibitin, "Ku shiga da ita, na amince. Takarda ta same mu a gaba." Daga baya shugabanni suka tuhume ka a kai. Na ce maka da hannunka ka rushe hujjarka, tun da sai da ka karya ƙa'ida kafin rai ya tsira. Ka ce a'a, ka nuna mini ne cewa tsari mutane ne, in ka bar kujerar wani zai zauna wanda ba zai gangara gefen titi ba. Har yau ban sami gamsasshiyar amsa ga wannan ba, kuma rashinta na ci mini rai.

Kai ne kuma ka yi tsayin daka lokacin da kamfanin ya rufe teburin amincewa na ƙarshen mako domin rage kashe kuɗi, aka maye gurbinsa da layin waya guda. Ka yi jayayya, aka rinjaye ka.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Ranar da ka faɗi, Lahadi ce. Asibitin da aka kai ka ya nemi lambar amincewa daga kamfaninku, layin ya yi ta ƙara babu mai ɗauka. Wannan hujjata ce, cikakkiya. Amma a wannan yinin babban janaretan asibitin ba shi da mai, ƙaramin kuma ba ya ɗaukar na'urar da za a duba jijiyoyin zuciyarka. Wannan kuma taka ce. Mutuwarka ta zo da hujjojinmu biyu a hannu, ta ƙi raba mana gardama.

A zaman makoki, mai ɗakinka Hajiya Lubna ta sa aka kira ni bakin ƙofar falo. Ta ce, "Fatihu, kai ne mai yawan magana da shi. Da sun ɗauki wayar nan, da yana nan?" Na ce, "Mama, ban sani ba. Wa'adi ne." Ta gyaɗa kai, ta ce, "To, ina roƙonka, kada a mai da mini shi misali."

Ta san abin da take faɗi. Abokina Rilwanu, mai gabatar da shiri a wani gidan rediyo, ya riga ya gayyace ni muhawara kan tsadar lafiya. Ya ce labarinka kaɗai ya isa ya rufe bakin kowa: mai ba da izini ya rasu yana jiran izini. Ba zan ɓoye ba, jimlar ta yi ta kai-komo a kaina, domin na san babu mai iya tunkarar ta. Amma nasara ce da zan samu a kan mutumin da ba zai iya cire tabarau ya mayar mini da martani ba, kuma da rabin gaskiya, tun da sai na ɓoye janaretan.

Saboda haka na yanke shawara. Zan je shirin, kuma ban janye ko harafi ɗaya ba: har gobe ina da yaƙinin cewa riba na ci daga jikin marar lafiya, kuma zan nemi a buɗe teburin ƙarshen mako a kowane kamfani. Sai dai sunanka ba zai fito daga bakina a matsayin hujja ba. Kafin in faɗi tawa, zan fara shimfiɗa taka, da dizal ɗinta da dalarta da injin wankin ƙodarta, da ƙarfin da kai kanka za ka shimfiɗa ta. Kujerarka a muhawarar nan ba za ta zauna babu kowa ba, ko da ni ne zan riƙa tashi daga tawa ina zama a kai.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Manniru. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sanya kowane rai da ya gaggauta wa izini ya zama nauyi a mizaninsa, Ka shigar da shi Aljannar Firdausi ba tare da jinkiri ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Lubna, da 'yarsa Zahra, da 'yan'uwansa, da ma'aikatan sashensa. Allah Ya ba ku haƙurin da ya fi nawa, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Fatihu Sale
Kuje, Abuja