Ranar da Inna ta juya motar Tibiri zuwa Jiratawa

Mun tashi daga unguwar Zariya ta Maraɗi da asuba, ni da Kawu da yayarsa Inna, wadda ta raine ni. An rufe lakwal, wato makarantarmu, saboda yajin aiki, shi ya sa aka ɗora mini riƙon matashi da butar ruwa. Ciwon daji ne ya kama babban hanjin Inna, ya bazu zuwa hanta da ƙwan mahaifa. Likita ya ce aiki ba zai yi amfani ba. Ƙarfin tafiya ɗaya ya rage mata, Kawu kuma ya yanke cewa wurin mai maganin gargajiya a Tibiri za a kai ta.

Hanyar Tibiri gajera ce, amma kowane rami sai ya nuna a fuskarta. Direba bai daina kukan tsadar esansi, man mota, ba, kamar mu muka karya darajar sefa. A ƙofar mai maganin mun tarar da layi, ga masu ƙosai suna ciniki da majinyata. Inna ta leƙa ta taga, ta ƙi sauka.

"Yaya, don Allah ki daure," in ji Kawu.

"Na sha maganin Sabon Gari, na sha na asibiti. Ni na goya ka, ba kai za ka zaɓa mini ba. Direba, Jiratawa."

Muka ratsa Maraɗi, muka yi kudu. Garkar Inna tana bakin magudanar ruwa, zogale ya yi kore shar, ƙanshin albasa ko'ina. Wata tsohuwar maƙwabciyarta ta hango kumburin cikin, ta rangaɗa guɗa.

"Ke, da girmanki? Allah ya raba lafiya!"

Na sunkuyar da kai. A gidanmu ba a kiran sunan ciwon. Inna ta yi dariya har ta riƙe haƙarƙari.

"Ba ɗa ba ne, kansa ce. Ku zo mu gaisa tun ina ji."

Matan da ke aiki a wurin suka bar shuka suka kewaye ta. Ta tsoma ƙafa a ruwa, ta yi wa mai yankan zogale faɗa, ta ɗanɗani kwaɗo kaɗan, bai zauna ba, ta ce duk da haka ya yi gishiri.

Da la'asar muka iso gida. Kawu da kansa ya ɗauke ta zuwa ɗaki. Na koyi cewa marar lafiya ma yana da ta cewa. Tun ranar, duk wanda ya tambaye ni jikin Inna, sunan ciwon nake faɗa masa, na nuna masa ƙofarta.