Sunan da Lilo Ya Fitar daga Bakina

Da sunan Allah nake buɗe wannan tunawa, Masanin abin da zukata ke ɓoyewa da abin da ke suɓuce wa harsuna.

Malamanmu sun koya mana cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an san siffarsa. Na karantar da wannan ƙa'ida a zaurena shekara da shekaru, har ɗalibai suka haddace ta da irin muryata. Sai ga shi kalma guda ta Hausa, kalmar "lilo", ta sa na ba da izini a kan abin da idona bai taɓa gani ba.

'Yata ta fari likita ce a Birmingham. Aikinta shi ne sa marar lafiya barci kafin a yi masa tiyata, ta kuma tsare numfashinsa har ya farka. Ba zan rubuta sunanta a nan ba, domin a gidanmu uba ba ya ambaton sunan ɗan fari. Na san shari'a ba ta ɗora mini haka ba. Alkunya ce na tarar iyayena suna yi, ni ma na riƙe. Ranar da aka haife ta kaɗai na furta sunan, lokacin da na raɗa mata shi a kunne wajen huɗuba. Daga nan sai "ke", sai "yarinyar nan", da ta gama karatu kuma sai "Likita". Ta haura arba'in ba ta taɓa jin sunanta daga bakina ba.

Wata rana ina Kano ta kira ni a waya. Bayan gaisuwa ta ce, "Baba, akwai wani lilo na Turawa da nake zuwa hawa da yara ranar hutu. Mahaifinsu ya yarda, amma ina so in ji ta bakinka."

Na yi dariya. Lilo a wurina igiya ce a reshen darbejiya, da guntun katako a ƙasa. Na ce, "Lilo kuwa? Ai ni ma na hau a ƙuruciya. Abin da babu saɓo a cikinsa, asalinsa halal ne. Ki hau, Allah Ya tsare."

Da lokacin zafinsu ya zagayo, ni da mahaifiyarta muka tafi a duba mini ido. Muka sauka a Salford, kusa da Manchester, wurin ɗana, ƙanen Likita, wanda injiniya ne, a wani bene kusa da ruwa inda jirgin cikin gari ke wucewa ta ƙarƙashin taga. Muna nan Likita ta aiko cewa ƙungiyarsu ta masu son lilo za ta yi taron iyali a wani filin wasa da ke tsakanin Manchester da Birmingham. Mu taso daga Salford, su taso daga Sparkhill, unguwarsu a Birmingham, a haɗu a tsakiya. Na yi mamakin lilo har da ƙungiya, amma na ce a raina, mutanen da ke da ƙungiyar masu kallon tsuntsaye, wannan ba zai gagare su ba.

Da ɗana ya tsayar da mota a bakin filin, na ɗaga kai na hango wani abu a bayan itatuwa. Da farko na ɗauka gada ce aka fara ginawa aka bari. Dogo ne na ƙarfe, irin na jirgin ƙasa, amma an ɗaga shi sama ya zarce hasumiyar masallacin Juma'ar unguwarmu, sa'an nan aka murɗe shi kamar yadda mata ke murɗa alkaki. Ina cikin kallo sai ga wasu taragu babu kowa a ciki sun faɗo daga ƙololuwarsa da rugugi, suka kife, suka miƙe, suka ɓace.

Na ce, "Wannan fa?"

Ɗana bai yarda mun haɗa ido ba. Ya ce, "Shi ne lilon, Baba. Gwada shi suke yi kafin a hau."

Ban san tsawon zaman da na yi a cikin motar ba. Abin da ya fito da ni shi ne jikata, 'yar Likita, budurwa mai shekara goma sha huɗu, wadda ta buɗe ƙofa tana magana da Hausarta da Turancin Birmingham ya lanƙwashe.

"Angona, ka iso? Yau sai ka hau, in ba haka ba in nemi wani mijin."

Na ce, "Amarya, je ki nema. Na yafe auren, na yafe sadakin."

Sai ga uwarta. Ta durƙusa ta gaishe mu a nan cikin motoci. Tana sanye da doguwar riga, ta ɗora rigar ƙungiyarsu a kai, ta cusa gefen hijabinta a wuyan rigar don kada iska ta ɗauke. Da ta miƙe, ba ta yi kewaye-kewaye ba.

"Baba, na ce maka lilo ne domin ban sami wata kalmar ba. Amma tun ranar zuciyata ba ta kwanta ba, don na san abin da ka hango daban ne da wannan. Shi ya sa na so ka gani da idonka. Idan ka ce a bari, daga yau na bari."

Na san 'yata. Idan ta ce ta bari, ko labarinsa ba za ta ƙara yi ba. Kalma ɗaya take jira, kalmar kuwa tana kan harshena tun ina cikin mota. Na danne ta ne kawai saboda ƙa'idar malamanmu, wadda na riga na saɓa mata sau ɗaya. Na ce, "Mu je in gani."

An buɗe wa 'yan ƙungiyar filin tun kafin sauran jama'a su shigo. Na zaci zan tarar da samari marasa aikin yi. Sai na ga magidanta da matansu, da jarirai a keken turawa, da kwandunan abinci, da tsofaffi sa'o'ina, kowa da riga iri ɗaya. Wani dattijon Bature mai farin gemu, yana dogara sanda, ya zo ya riƙe hannuna yana girgizawa. Ɗana ya fassara mini cewa tsohon direban bas ne, kuma yana taya ni murna, wai 'yata tana cikin jaruman ƙungiya, ba ta zama ko'ina sai kujerar baya inda fizgar ta fi tsanani. Na dubi Likita, ta sunkuyar da kai. Wannan ita ce yarinyar da ko ƙadangare ya faɗo daga katanga sai ta ɓuya a bayan uwarta.

Na kuma lura sun kasu mazhaba biyu. Wasu sun tafi a kan cewa dogon katako ya fi, domin yana girgiza ƙashin mutum. Wasu suka ce na ƙarfe ne, domin shi ke kifar da kai. Kowane ɓangare da hujjojinsa da manyansa, suna jayayya cikin ladabi da zafin rai kamar masu saɓani a kan babbar mas'ala. A bakin layi akwai sandar awo. Wani yaro ya gaza kai tsayin da ɗan yatsa, aka hana shi, ya zauna a ƙasa yana kuka mai cin rai, saboda an hana shi abin da ni ko da bulala ba za a sa ni ba.

Likita da 'yarta suka shiga, aka sauko musu da wani ƙarfe a kafaɗa, ma'aikata suka bi suna jijjiga shi. Mu muna tsaye a bayan shinge, mahaifiyar Likita ta damƙe hannun babbar rigata tana ta salati. Taragun suka fara hawa a hankali, ba ka jin komai sai sarƙa tana ƙas, ƙas, ƙas. Suka yi ta ƙanƙancewa har suka kai ƙololuwa, suka ɗan tsaya kamar masu shawara. Sai suka faɗo.

Ba ni da kalmar da zan siffanta abin da na gani. Na ga 'yar da na ɗauka a tafin hannuna, kanta yana kallon ƙasa, ƙafafunta suna kallon sama, tsakaninta da ƙasa babu komai sai ikon Allah, kuma ta saki ƙarfen ta ɗaga hannuwa biyu. A cikin wannan rugugi sai na ji wata murya ta ƙwala kiran sunanta, cikakke, da ƙarfin da ya sa mutanen da ke gefenmu suka waiwayo. Sai da na ji maƙogwarona yana zafi na gane muryar tawa ce.

Mahaifiyarta ta saki rigata. Ta daina salatin, ta daina kallon 'yarta da ke kife a sama, ta zuba mini ido.

"Malam! Me ka ce?"

"Ban ce komai ba."

"Ka ce mana. Har Bature mai sanda ya ji."

Ɗana kuwa ya duƙa yana gyaran igiyar takalmin da ba ta kwance ba, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

Suka sauko fuskokinsu suna haske. Likita tana dariya irin wadda ban taɓa gani a fuskarta ba, amma tana hango ni ta haɗiye ta, ta gyara hijabi, ta dawo 'yar da na sani. Muka shimfiɗa darduma a kan ciyawa, aka fito da waina da dambun nama. Na kasa ci. Na shiga yi mata tambayoyi kamar yadda nake yi wa mai neman fatawa: me ke riƙe mutum, wa ke duba ƙarafan, wa ake hanawa. Ta amsa ɗaya bayan ɗaya, muryarta ƙasa-ƙasa.

Na juya mas'alar ta kowace fuska ina neman inda zan kama. Kiyaye rai wajibi ne, amma ni kaina a cikin jirgi na ƙetaro teku, kuma gudun da ɗana ya yi da mu a babban titi da safen nan bai fi wannan aminci a idona ba. Suturarta a kammale take. Lokacin salla bai shiga ba, balle a ce ya fita. Mijinta ya yarda. Da na tace komai, abin da ya rage a ƙasan ƙwarya tsoro ne kawai, tsoron uba. Idan na naɗa wa tsorona rawani na kira shi fatawa, na ci amanar ilimi. Sai dai uba ba ya bukatar fatawa kafin ya hana 'yarsa, kuma har lokacin kalmar ba ta bar harshena ba.

Na ce, "Likita, me kike samu a cikin wannan abu?"

Ta ce, "Baba, a ɗakin tiyata numfashin mutum yana hannuna. Idan abu ya rikice, kowa zai iya ruɗewa, ban da ni. A gida ma haka aka rene mu, ba a jin muryarmu daga zaure. Can sama ne kaɗai nake yin ihu, ba mai tambayata ko lafiya."

Sai mahaifiyarta ta ce, "Ai ba ke kaɗai kika yi ihu yau ba. Babanki ya kira sunanki."

Jikata ta saki wainar da ke hannunta. "Angona ya san sunan Mami? Wallahi na ɗauka mantawa ya yi, kunya ta hana shi tambaya!"

Kowa ya yi dariya ban da Likita. Ta dubi uwarta. "Da gaske, Umma?"

"Da bakinsa. Sai da filin nan ya amsa."

Ta mai da idonta kan darduma, tana murza gefenta da yatsa. Can ta ce, a hankali ƙwarai, "Ban ji ba. Iskar ta yi yawa."

Wannan "ban ji ba" ta fi faɗowar taragun girgiza ni. Na yi shekara arba'in ina ajiye sunan nan don girmama ta, kamar yadda ake ajiye tufa mai tsada a ƙasan adaka, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko mai tufar tana son ganinta ba.

Na ce, "Tashi ki sake hawa."

Ta ɗago. "Baba?"

"Izinin da na ba ki a waya na lilon igiya ne, bai hau kan wannan ba. Yanzu na gani, kuma na ba ki sabo. Sai dai wannan karon ki zauna ta gefen da zan gan ki."

Na koma bakin shinge ni kaɗai. Taragun suka fara hawa, filin ya yi tsit sai ƙas, ƙas ɗin sarƙa. Kiran farko suɓucewa ya yi. Wannan kuwa sai da na tattaro shi, ya yi mini nauyi a baki kamar kalmar wani harshe da ban iya ba. Na bari suka kai rabin hawa, inda iska ba ta riga ta taso ba, na ɗaga kai na kira ta.

Ƙarfen kafaɗa bai bar ta ta juyo sosai ba. Amma na ga kanta ya karkato, na ga ta ɗago hannu ɗaya ta ɗora a ƙirji, yadda take yi in ta amsa gaisuwar babba.

Daga nan suka kai ƙololuwa. Na runtse ido, na dafe hulata, ban buɗe ba sai da mahaifiyarta ta zo ta taɓa ni ta ce, "Malam, sun sauka. Kuma ta ji."