Kwalbar da na ɓoye cikin ƙwai

Shekarun baya, zamanin mulkin farar hula na biyu, lokacin da aka fara tsuke bakin aljihu har sabulu da madara suka zama abin bin layi, ina aiki a wani ɗakin bincike a Sakkwato. Kada ku ɗauka wani babba ne ni. Wankin kwalabe da haɗa ruwan gwaji ne aikina. Amma in na hau babur na koma gida Boɗinga da farar riga a kafaɗa, "likita" ake ce mini, ni kuwa ban taɓa gyara wa kowa ba.

Maigidana shi ne likitan gaske. Ya dawo daga karatu a ƙasar waje da wasu ƙwayoyin halitta masu rai a cikin ƴar kwalba. Ido ba ya ganinsu sai da madubin awo. Yadda ya yi mini bayani, sojojin da ke kare jikin mutum suna da wani sinadari da suke aika wa juna saƙo da shi in cuta ta shigo. Su waɗannan ƙwayoyi an sarrafa su ne ta yadda da sun ji wannan sinadari sai su yi ta hayayyafa. Da su yake so ya auna jinin yara masu ƙyanda, ya gane dalilin da wani yaro ke tashi, wani kuma a rasa shi. Ni da na rasa ƙanne biyu a ƙyanda, ba sai an roƙe ni in ba aikin muhimmanci ba.

Sai dai abin akwai shagwaɓa. Ɗumi suke so daidai na jikin mutum, ba ƙari ba ragi. Duk kwana uku a ɗebi kaɗan a zuba a sabuwar kwalba da sabon abinci. Sinadarin da ake daskarar da su a ajiye ya daina zuwa tun da aka hana shigo da kaya, saboda haka abin da ke cikin akwatin ɗuminmu shi ne ke nan. In suka mutu, aikin shekaru ya mutu. Ga maigidana da kishin abinsa. Abokan aikinsa daga wasu garuruwa sun roƙi ya ɗan sam musu, ya hana. Makullin akwatin ma sai da na shekara kafin ya yarda ya ba ni.

Ana nan sai ruwan jinin maraƙi da muke haɗa musu abinci da shi ya kusa ƙarewa, shi ma daga waje yake zuwa. Na ce ai ina da gwaggo da ke aure a wata ruga bayan Shagari, wajen Kajiji. Na ɗauki allurai da kwalabe na tafi. Mijinta ya daɗe yana kallona kafin ya bari na taɓa wuyan maraƙinsa, kuma yana tsaye a kaina har na gama.

Gwaggo tana gindin bukka tana harkar nono. Ta ce, "Kai kau, mi kaka yi da jinin maraƙi? Ba dai sha kuke ba?"

Na gyara tsayuwa na fara zuba mata bayani, rabi Hausa rabi Turanci, don ta san ɗan ƙanenta ya yi boko. Ta bar ni na gama tsaf.

"Wato ka ɗebi kaɗan ga tsoho ka zuba ga sabo, shi tashi?"

Na ce haka ne.

"To ai irin nono na. Shi ad duk wanga dogon Turanci?" Ta ɗebi ludayi guda na kindirmon jiya ta zuba a madarar safe. "Ga gidan wa kunka aje naku?"

Na ce babu, wuri ɗaya yake, kuma a kulle.

Ta saki ludayi ta riƙe haɓa. "Maigidan naka lafiya tai? Ni wanga iri tun na uwar mijina na. Sau nawa yana ɓaci gare ni, ƙwarya ta kihe ko zahi shi lalata shi. Amma na ba maƙwabta, sun ba nasu. Ran da nir rasa, aikawa nikai a ɗebo min abina. Abin da ka kulle kai ɗai, ran da yam mutu ya mutu ke nan."

Duk hanyar dawowa maganar nan tana cina. Washegari na gwada wa maigidana ita cikin ladabi, ban dai ce daga ruga na samo ta ba. Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Kai dai wanke kwalabenka."

Ni kuwa da taurin kai. Ina da aboki a Boɗinga, malamin dabbobi, yana da injin ƙyanƙyasar ƙwai mai aiki da kananzir a wani ɗakin ƙasa mai sanyi, da firjin allurar rigakafi shi ma na kananzir. Ɗumin da ƙwai ke so kusan ɗaya ne da na ƙwayoyinmu. Ranar da na raba ƙwayoyin, maimakon in zubar da ragowar kamar kullum, sai na zuba a wata kwalba, na toshe ta gam, na ɗaure ta da rawani a jikin cikina, na hau babur. Tafiyar da na saba yi a guje, ran nan kamar mai ɗauke da amarya na yi ta.

Abokina ya ce, "In anka kore ka, kada ka ce da ni ciki." Amma ya matsar da ƙwai ya ba ni wuri. Duk kwana uku nakan wanke hannu, in kunna fitilar sifirit mai kashe ƙwayoyin cuta, in canza musu abinci daga wanda na ajiye a firjin, ina addu'a kada ƙura ta faɗa ciki. Wata biyu ina wannan, ina duƙufa kan wankina duk lokacin da maigidana ya ƙirga kwalabe.

Sai bazara ta kai tsakiya. Aka yi hutun kwana huɗu, wuta ta ɗauke, janareta ya lalace, ba kayan gyara. Ɗakinmu kuwa rufin kwano ne. Da muka dawo muka buɗe ƙofa, zafin da ya doke mu ya ishe mu labari. Maigidana ya duba kwalba ta farko a madubi, ya duba ta biyu, har ta shida. Duk zafi ya dafa su. Ya zauna a kan kujerar wankina, ya cire tabarau, ya ce, "Shi ke nan." Ban taɓa ganin babban mutum ya koma ƙarami haka ba, wallahi sai da na ji ƙwalla.

Na tsaya ina lissafi. In na yi magana, na tona wa kaina asirin sata. In na yi shiru, na ci amanar yaran da ake yi domin su. Na ce, "Ranka ya daɗe, in ka yarda mu tai Boɗinga. Akwai abin da ni ka son ka gani."

Da madubin a bayan motarsa muka je. Muka tarar wasu ƙwai sun fara fashewa, ƴan tsaki na kuka, ga kwalbata a tsakiyarsu. Ya ɗora ta a madubi a bakin ƙofa, muka haska masa da hasken rana. Ya daɗe bai ɗago ba. Suna nan, zagaye, suna sheƙi, sun cika fal.

Ya ce, "Wa ya ba ka izini?"

Na ce, "Babu, ranka ya daɗe."

Ya sake leƙawa. Sannan ya ce, "Kwalba nawa za mu iya fitarwa daga wannan?" Kafin damina ta faɗi, ya aika wa duk waɗanda ya taɓa hanawa.

Ba zan ce muku mun gano sirrin ƙyanda ba, wannan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Amma aikin bai tsaya ba, kuma ɗalibai da yawa sun koyi sana'ar a kan ƙwayoyin nan. Ba kuma ina koya wa kowa saɓa wa na gaba ba ne; da kwalbar ta lalace, da korata aka yi, kuma da gaskiyarsu. Abin da na riƙe shi ne, abin da kake tsoron rasawa, raba shi ya fi kulle shi.

Dab da zan yi ritaya, namu suka sake lalacewa. Wani matashin malami daga wani gari mai nisa ya kawo mana kwalba, yana ta ja mini kunne cewa iri ne mai daraja, daga waje aka kawo shi, in riƙe da kyau. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya. Ban gaya masa na san kakarsu ba.