Baba Habibu, Mai Ba ’Yan Kasuwa Shawara

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 12 ga watan Maris 2025, cikin azumi, Allah ya karɓi ran Baba Habibu a gidansa da ke Madarunfa, bayan gajeriyar jinya. Ina tsakiyar suyar ƙuli-ƙuli aka kawo mini labarin. Na sauke kasko, na zauna.

Baba, sana'arka ba 'yan kasuwa shawara ce, ni kuwa Mariama mai man gyaɗa ta Safo ina cikin waɗanda suka amfana. Na zo maka ina ɗoki, don wani ɗan kasuwa daga ƙetaren iyaka ya ce zai riƙa kwashe duk man da na tatsa, in kai masa garin Ɗan Issa da ke bakin iyaka. Ka bar ni na gama zubana, ba ka katse ni ba. Ba ka ce komai ba sai da ka hau amalanken jaki ka zo har gidana, ka ga inda nake suya, ka ɗanɗana man, ka tambayi su wa ke saye da kuma lokacin da gyaɗa ke tsada.

Sannan ka ce, “Ɗiyata, manki yana da kyau. Amma in mutumin nan ya daina zuwa, wa za ki sayar wa? Ba shi rabi, sauran mu nema masa masu saye a Maraɗi.”

Ban ji daɗin maganar ba, kuma ka gani a fuskata, amma ba ka sassauta ta don in yi murna ba. Da kanka ka raka ni wajen masu butik, wato masu kantuna, ka gabatar da ni. Shekarar da aka rufe iyaka, mutumin nan ya ɗauke ƙafa. Murhuna bai mutu ba, 'ya'yana kuma ba su bar lakwal, makarantar boko, ba.

Abin da ba ka sani ba, kakan ce ba ka sani ba. Da Aliyu ƙanena ya nemi shiga cinikin kifin tafkin Madarunfa, ka faɗa masa wannan ba fanninka ba ne, ka tura shi wajen tsofaffin masunta. Masu sayar da wake biyu da ke gasa da juna duk wurinka suke zuwa, kuma babu wanda ya taɓa jin sirrin ɗan'uwansa daga bakinka.

Mun yi kuka, Baba, amma zuciyarmu a kwance take. Ka yi tsawon rai, ka ga waɗanda ka ɗora a hanya sun tsaya da ƙafafunsu.

Allah ya jiƙanka da rahama, ya haskaka makwancinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Inna Zahara'u, uwargidan Baba, ke da 'ya'ya da jikoki, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsare muku gidan da Baba ya bari. Amin.